Tukwanen shuka a cikin aji: me suke yi wa yara, me ba sa yi?

"Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a cikin garin Tahoua, ina riƙe da ajin CE1, wato aji uku, yarana sun haura sittin. Na ga hotunan azuzuwan ƙasashen waje cike da tukwanen furanni, an ce suna tace iska, suna sanyaya ɗaki, suna sa yara su natsu. Na yi wa darakta maganar, ya ce ɓarnar ruwa ce da gayyatar sauro. Shin da gaske akwai amfani, ko ado ne kawai na waɗanda suka ƙoshi? In akwai, me zan sa, kuma yaya zan yi da zafin Afrilu da dogon hutu?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malama, sannu da fama da yara, Allah ya ba da lada. Abin da kike son sani shi ne ko tukunyar shuka a aji tana biyan wahalar da za a sha a kanta, a gari irin Tahoua inda ruwa sai an saya wurin ƴan garuwa, rana kuma ba ta wasa. Tana biya. Sai dai ribar ba a inda aka nuna miki take ba, kuma daraktanku bai yi ƙarya ba, a rabin magana ya tsaya. Na daɗe ina koyarwa a firamare a ƙasar Adar kafin a mai da ni mai zagaya makarantu ina duba aikin malamai, kuma lambun makaranta shi ne abin da na fi sa wa ido. Da wannan zan amsa miki, in haɗa da abin da masu bincike suka rubuta.

Tace iska da sanyaya ɗaki

Zancen tace iska yana da asali. A 1989 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta fitar da rahoton wani gwaji da Bill Wolverton ya jagoranta. Damuwarsu ita ce mutanen da za su zauna cikin kumbo a rufe ruf, ba taga ba ƙofa. Sai suka sa tsirrai cikin akwatuna da aka toshe, suka hura musu tururin sinadarai irin waɗanda fenti da gam da katakon kamfani ke fitarwa, kamar benzin da fomaldehaid, daga baya suka auna. Sinadaran sun ragu, wannan gaskiya ne. Masu sayar da furanni suka ɗauki zancen, ya zaga duniya, har ya iso wayarki.

To amma aji ba akwati ba ne. A 2019 wasu masu bincike biyu na jami'ar Drexel a Amurka, Bryan Cummings da Michael Waring, suka tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan wannan batu, suka auna su da ɗakin da mutane ke zama a ciki da gaske. Suka tarar sai an jera tsiro 10 zuwa 1000 a kowane murabba'in mita kafin su yi aikin da shigowar iskar waje take yi ita kaɗai. Ɗauki ajin bulo irin namu mai mita 9 a tsaye da 7 a kwance, murabba'in mita 63 ke nan. Ko da ƙaramin lissafin aka bi, tukwane 630 kike bukata. Ina za ki zaunar da yaran?

Kuma ma abin da ke ɓata iskar ajinmu ba tururin fenti ba ne. Hazon hunturu ne, da garin alli, da ƙurar da shara ke tayarwa, da numfashin mutum sittin a ɗaki guda. Maganin waɗannan a hannunki yake ba tare da ganye ko ɗaya ba: a buɗe tagogin ɓangarori biyu iska ta ratsa, a yayyafa ruwa kafin shara, a goge babban allo da jiƙaƙƙen tsumma. Wata uwa za ta iya zuwa ta ce miki ta ji shuka na shanye iskar ɗaki da dare. Tsiro yana numfashi, amma abin da tukunya biyar ke sha bai kai na yaro guda ba, kuma da dare ba kowa a ajin.

Sanyi ma haka. Ganye yana fitar da ruwa ya bi iska, ruwan da ya bi iska kuma yana tafiya da zafi, abin da ke sanyaya ruwan randa ke nan. Matsalar ita ce yawa. Da tsakar rana a watan Afrilu, hasken da ke sauka a kan kowane murabba'in mita na kwano ya kusa wat 1000. A rufin mita 63, zafin da ke sauka cikin awa guda ya isa ya ƙafar da ruwa kusan lita 90. Ko da rabinsa ya koma sama, ki gwada da tukunyar da ke shan kofin shayi biyu a yini. Wanda ke son aji ya yi sanyi, inuwa zai nema wa bango da rufi, wato icce a waje, musamman ta yamma inda ranar la'asar ke dukan bango. Mu a jihar nan ba baƙi ba ne ga wannan aikin. Layukan dogon yaron da aka fara dasawa a kwarin Majiya tun 1975 don kare iska suna nan kowa yana gani. Zan dawo kan yadda tukunyar cikin aji za ta kai ki ga iccen waje.

Don haka kada ki koma wurin darakta da hujjar iska ko ta sanyi. In yana da karatu zai kayar da ke, kuma da gaskiyarsa.

Natsuwa

Nan akwai ƙamshin gaskiya, ko da yake bai kai yadda ake zuzuta shi ba. Wasu masana halayyar ɗan adam na jami'ar Michigan, Rachel da Stephen Kaplan, sun yi bayani tun 1989 cewa hankalin da mutum ke tilasta wa kansa, irin wanda yaro ke yi don bin lissafi a allo, yana gajiya, kuma kallon abu mai rai kamar ganye yana hutar da shi saboda yana jan ido ba tare da an yi ƙoƙari ba. An gwada wannan a makarantu. A Taiwan, wani bincike da aka buga a 2009 ya sa tsirrai shida a bayan wani ajin sakandare. Yaran ajin sun fi jin daɗin ɗakinsu, kuma hutun rashin lafiya da horon rashin ji sun yi ƙasa da na ajin da ba a sa wa komai ba. A ƙasar Holan kuma, a wani bincike na 2017, an yi wa wasu azuzuwan firamare bangon tsirrai. Yaran sun fi kyau a gwajin tsai da hankali kan abu guda, amma saurin aikinsu bai canza ba.

Waɗannan gwaje-gwaje ƙanana ne, an yi su a azuzuwa ƴan kaɗan, a ƙasashe masu tagogin gilashi da yaran da ba su kai namu yawa a ɗaki ba. Ba zan ɗauko sakamakonsu in aza wa ajinki mai mutum sittin ba. Yaron da ya zo da yunwa, ko wanda ke zaune a ƙasa saboda benci bai isa ba, ganye ba zai natsar da shi ba. Abin da na shaida da idona ya fi wannan sauƙi: ajin da ake kula da shuka yawanci shi ne ajin da ake sharewa, ake jera alluna, ake rufe ƙofa. Ko shukar ce ta gyara ajin, ko malama mai gyara ce ke kawo shuka, ni dai na fi karkata ga na biyun. Duk da haka yaro yana gane ɗakin da aka damu da shi, kuma yana riƙe shi daban.

Inda ribar take

Ki dubi shekarar karatunmu. Ana komawa makaranta a Oktoba, ruwa ya ɗauke, ana girbi. Ana tashi a Yuni, daidai lokacin da manoma ke duban gabas. Ranar dashen itatuwa ta ƙasa, 3 ga Agusta, a tsakiyar hutu take faɗowa. Ma'ana duk abin da ya shafi shuka da tsiro yana faruwa ne lokacin da makaranta ke rufe. Muna karantar da saiwa da kara da ganye a kan allo, da alli, cikin rani, ƙasa ta bushe ƙamas. Yaron ƙauye ya taɓa bin babansa gona, amma bai taɓa tone rami bayan kwana uku ya ga abin da irin ke yi a ƙarƙashi ba, don ba wanda zai bar shi. Yaron cikin gari kuwa, wani ko hakan bai samu ba. Gwangwani a bakin taga yana shigo da damina cikin aji a watan Nuwamba, kuma gani ya kori ji.

Shi ya sa nake cewa shukar aji ta gaskiya ba fulawar ado ba ce, wadda za ta shekara ba ta canza ba har yara su daina ganinta. Abin da ke canzawa kullum shi ne malami. Wake ya fi komai. Ki jiƙa shi da dare, da safe a shuka ƙwaya uku a gwangwani mai huda a gindi. Cikin kwana uku zuwa biyar ƙasa za ta tsage, wani abu fari-kore ya leƙo a lanƙwashe, kansa a ƙasa. Kashegari ya miƙe, ya ɗago da ƙwayar waken kanta sama, ta rabe biyu, ɓawon yana rataye a gefe. Daga tsakiyar ne ganyen farko ke fitowa, su kuma ɓarin waken biyu su yanƙwane su faɗi, don tsiron ya cinye guzurinsa. A gwangwani na kusa ki shuka hatsi ko masara rana guda. Shi ba ya ɗago ƙwayarsa, tana nan a ƙasa, tsinke guda yake turowa ya warware ya zama ganye. Kada ki faɗa musu bambancin. Ki tambaye su, ki yi shiru. Za ki sha mamakin wanda zai fara gani, sau da yawa ba wanda ke zuwa na ɗaya ba ne.

Daga nan lissafi ya shigo da kansa. Kowace safiya rukuni guda ya auna tsawon tsironsa ya rubuta a jadawalin da ke jikin bango. Na taɓa shiga wani aji na tarar da gardama ta kaure tsakanin yara biyu kan tsiro guda, ɗaya na cewa santimita 7, ɗaya na rantsuwa 8 ne. Malamin ya bar su, ya ce kowa ya sake aunawa a gaban jama'a. Ashe na biyun daga lamba 1 yake farawa, ba daga sifiri ba. Aka duba, sai ga kusan rabin ajin haka suke yi, kuma sun daɗe suna cin maki a littafi saboda a littafi layin a zane yake, ba mai musu. Ragi ma haka yake samun ma'ana: Litinin 6, Alhamis 11, nawa ya ƙaru? Yaron da ke kallon 11 a cire 6 kamar baƙon abu zai ba ki amsa nan take in tsironsa ne.

Gwaje-gwajen da ajin CE1 zai iya ba su da iyaka, kuma ba sa cin ko dala. Gwangwani ɗaya a bakin taga, ɗaya a cikin kwali a rufe: na cikin duhu zai fi tsawo, amma fari, siriri, ba ƙarfi, kuma yara kan ce shi ne ya ci gasa sai an bar shi mako guda ya kwanta. Ɗaya a rairayi zalla, ɗaya a ƙasa mai taki. A juya gwangwanin da ya karkata wajen taga, a ga kwana nawa zai yi ya sake juyowa. A ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da safe, kafin a tashi ta yi gumi daga ciki, sai ki tambaye su daga ina ruwan ya fito. A aza albasa a bakin kwalba gindinta na taɓa ruwa, saiwoyi farare su sauko a gani ƙuru-ƙuru. Ƴaƴan jihar da ke noma albasar Galmi, ya kamata a ce sun san yadda take sha.

Wanda na fi so shi ne na ƙarshe. Ki shuka wake a ƙasar da aka ɗebo daga gona, ki ajiye shi inda rana ke samunsa sosai. Bayan mako huɗu ko biyar a zazzage gwangwanin a hankali, a wanke saiwar cikin kwano. Za a ga ƴan ƙulle-ƙulle manne da ita. A fasa ɗaya da farce, in yana aiki cikinsa ja-ja ne. Wasu ƙwayoyin halitta ne ke zaune a ciki, suna kamo sinadarin naitirojin daga iska suna mai da shi abincin shuka, shi ne dai abin da ake saya cikin buhun takin zamani. Dalilin da ya sa kakanninsu ke shuka wake a tsakanin hatsi ke nan. Yaron da ya koma gida ya gaya wa kakansa wannan, ya haɗa makaranta da gona a rana guda, kuma tsohon zai fara yi wa boko wani kallo. Lokacin APP, wato na ayyukan hannu, da ke cikin jadawali, wanda a makarantu da yawa ya koma shara da tsintar leda, ga abin da za a cika shi da shi.

Sai kuma ɗaukar nauyi. Ki raba su rukuni-rukuni, kamar mutum takwas-takwas, kowane rukuni da gwangwanayensa da sunansa a jiki, da jerin wanda zai ba da ruwa kowace rana. Abu biyu zan roƙe ki. Kada ɗebo ruwa ya zama na ƴan mata kaɗai alhali maza na riƙe da ma'auni, don haka abin yake zamewa in ba a sa ido ba. Kuma kada ban ruwa ya zama horo ga wanda ya yi laifi. Ranar da shuka ta mutu, kuma wata za ta mutu, ba ranar bulala ba ce. A tumɓuke ta a duba. In saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi, tana wari, ruwa ne ya yi yawa. A aji irin naki ƙishirwa ba ta cika kashe shuka ba, ƙauna ce ke kashe ta, kowa na son ya zuba nasa. Ki ware ƙaramin gwangwanin tumatir guda ya zama mudu, kuma doka ita ce a tsoma yatsa cikin ƙasar tukuna, in da danshi a haƙura.

Abin da za a sa, da wanda ba zai shiga ba

Kafin komai ki auna hasken ajinki, don azuzuwanmu masu tagogin ƙarfe sun fi yadda muke zato duhu. Da hantsi ki ɗora farar takarda inda kike son ajiye tukunya, ki miƙa hannu a samanta. In inuwar yatsu ta fito sarai, wurin zai riƙe wake da albasa da na'ana'a da ɗoɗɗoya. In inuwar ta yi dishi-dishi, sai masu haƙuri. In babu inuwa sam, ba abin da zai rayu a nan, sai dai a riƙa fitar da gwangwanaye bakin ƙofa da safe a shigo da su in za a tashi, wanda shi ma aiki ne da yara ke so. Ajin zana kuwa, a yi komai a waje cikin ɗan shinge saboda awaki.

Cikin masu haƙuri, moɗa ce gaba, mai dogayen ganye tsaye masu zane-zane. Tana jure ƙarancin haske, tana yin makonni ba ruwa, kuma ana raba ta daga gindi, don haka maƙwabciya za ta iya tsaga miki kyauta. Alobera ma tana jure ƙishi, amma ta fi son haske. Su biyun da dare suke buɗe ƙofofin ganyensu don kada rana ta ƙwace musu ruwa, dalilin juriyarsu ke nan. Ba a cin ko ɗaya daga cikinsu, a gaya wa yara tun ranar farko. Dankalin Hausa ma, ba na Turawa ba, yana da kyau: a tsoma rabinsa a ruwa, ya yi yaɗo ya bi igiya ya zagaye taga, kuma ba abin tsoro in yaro ya kai ganyen baki. Tukwane biyu ko uku na dindindin sun isa, sauran wurin a bar wa gwangwanayen yara.

Wasu kuwa ko kyauta aka ba ki kada su ƙetare ƙofa. Ƙarya, mai kumburarren gindi da jan fure, ita ce masu sayar da furanni suka fi tallatawa saboda kyanta da jure rani, amma ruwanta dafi ne mai taɓa zuciya. Haka loriye mai fure ruwan hoda da ake dasawa a bakin ofisoshi. Tumfafiya da aguwa da duk danginsu masu farin nono suna ƙona ido. Zurma da bini-da-zugu ƴaƴansu na kama da abin ci, kuma kaɗan ya isa ya kwantar da yaro. Zaƙami ba sai na faɗa ba. Akwai kuma wata shukar ɗaki mai faffaɗan ganye da ɗigon fari, Dieffenbachia, wadda in aka tauna take kumbura baki da maƙogwaro. Ƙa'ida mai sauƙi ga ƴan shekara bakwai da takwas: abin da ke fitar da farin nono, ko mai ƙaya, ko wanda mai sayarwa ya kasa gaya miki sunansa, a bar shi. In aka yi tsautsayi nonon shuka ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa na tsawon lokaci a kai yaron asibiti. In kuma kina da mai asma a aji, a nisanta tukwane daga mazauninsa, kada a bar ƙasa ta yi funfuna, sauran bayani kuma na likita ne, ba nawa ba.

Tukunyar ƙasa ta fi roba, musamman baƙar roba da ke dafa saiwa in rana ta same ta. Tsohon tulu da ya tsage ya fi sabo, don ya riga ya sami mafitar ruwa. Ƙasa kuwa a haɗa rairayi kashi biyu da ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya. Ɗanyen taki yana ƙona saiwa, yana kiran ƙuda da gara. Laka zalla ta fadama kuma tana daskarewa a gwangwani.

Ruwa, sauro da hutu

Tsoron darakta game da sauro yana da tushe, amma sauro ba a ganye yake haihuwa ba, a ruwan da ya kwanta ne. Daga ƙwai zuwa mai cizo kwana bakwai zuwa goma ne a lokacin zafi. Wanda ya fi son ƙananan mazubai irin faranti da gwangwani shi ne mai zanen fari a ƙafa, mai cizo da rana, wanda ke yaɗa zazzaɓin dengi da ya addabi Burkina Faso a 2023. Don haka kada a sa faranti a ƙarƙashin tukunya. In dole ne, a cika shi da rairayi. Kwalbar albasa da ta dankali a canza musu ruwa sau biyu a mako, a toshe bakin da tsumma. Bidon ajiyar ruwa ya zauna a rufe. In aka kiyaye wannan, ajinki bai fi na kusa da shi sauro ba. Abin da darakta bai ambata ba, kuma ya fi damuna, shi ne kunama, mai son sanyin ƙarƙashin tukunya. A aza tukwane a kan benci ko bulo, kuma babba ne kaɗai ke ɗaga su.

Ɓarnar ruwa kuma a lissafa ta. Gwangwani goma sha shida, kowanne mudun tumatir guda a yini, da moɗar da ke sha sau ɗaya a mako ko biyu, duka bai wuce lita biyu ko uku ba. Ruwan alwala in an tara shi a kwano ya isa, haka ragowar ruwan sha. Na wanke hannu mai sabulu ne ban so, yana taruwa a ƙaramar tukunya ya lalata ƙasar. Ganye kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma duk mako a lokacin hazo, don ƙura na tare masa haske. Asabar da Lahadi ba matsala in an shayar ranar Juma'a aka janye daga rana. Ƙananan hutun tsakiyar shekara, a huda murfin gorar roba da allura a kifa ta cikin ƙasar, ta riƙa ɗiga.

Zafin Afrilu da dogon hutu kuwa, dabarar ita ce a tsara shekara yadda ba za a yi faɗa da su ba. Wake da hatsi daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Albasa da na'ana'a da dankali a cikin sanyi. Daga Maris a koma renon itatuwa a inuwar baranda ko gindin bango ta arewa ko gabas, kowane yaro da gorar roba da aka yanke wa kai aka huda gindi. Zogale, tamakarmu ke nan, ba ya son wata hidima, cikin mako ɗaya ko biyu ya fito. Ƴaƴan kuka ɓawonsu da tauri, sai an goga su a dutse ko an zuba musu ruwan zafi sun kwana. Na gawo kuwa ki tura yara su tsinto daga turken awaki, don wanda ya bi ta cikin dabba ya fi saurin tsira, kuma a ba shi gora mai zurfi saboda saiwarsa ƙasa take nufa kai tsaye. Ma'aikatan gandun daji na da iri da ledar reno, kuma zuwan ɗayansu aji ya yi wa yara bayani ya fi darasi uku.

In an zo tashi a Yuni, dashen ya yi wata uku, ya isa fita. Kowane yaro ya tafi da nasa gida, a dasa in ruwa ya zauna. A ware huɗu ko biyar mafi ƙarfi don yammacin ajinku, amma kada a dasa sai an zauna da kwamitin makaranta da ƙungiyar iyaye an san wanda zai yi musu shingen ƙaya, da wanda zai shayar da su daga Oktoba har ranin farko ya wuce, don a nan ne yawancin itatuwan makarantu ke mutuwa. Moɗa da alobera kuma a kai su gidan mai gadi ko na wata uwa da ke kusa, a sa su a inuwa inda ruwan indararo ba ya zuba, a ce mata ta shayar sau ɗaya duk mako biyu, kada ta ƙara.